Takalman Da Suka Kama Layi

A garin Bagudo, can wajen hanyar kogi, akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano. Da can kifi ake kiwo a cikinsa. A tsakiyarsa akwai ƙaton kwami na siminti, ruwansa ya kai ƙirjin yaro. Da mai wurin ya daina kiwon kifi, sai ya ba Ƙungiyar Masu Kwalekwale aronsa.

'Yan ƙungiyar nan ba wanda ke biyansu. Masunta ne da malamai da manoma, waɗanda suka gaji da jin an ce ruwa ya ci yaro. Suka wanke kwamin tas, suka sa ƙaramin kwalekwale a ciki. Ranar Asabar 'yan mata ke koyon iyo da tuƙi. Ranar Lahadi kuma ta yara maza ce. Mako takwas kawai ake yi, kafin aikin gona ya kwashe kowa.

Matsalar ɗaya ce. Rigunan ruwa goma ne kacal, irin waɗanda in mutum ya sa ba ya nutsewa. Baba Lauwali, tsohon masuncin da ya kafa ƙungiyar, yana da doka guda: ba riga, ba shiga. 'Yan matan da ke son shiga kuwa sun haura talatin.

Malama Batulu ta makarantar firamare ce ke koya wa 'yan mata. Da ta ga turereniya ta yi yawa a ƙofa, sai ta kira wata yarinya 'yar aji biyar. Yarinyar nan ta iya iyo tun bara, ga baki, ga kuzari. Malama ta rataya mata usur a wuya.

"Ke za ki riƙa tsare ƙofa," in ji Malama. "Mutum goma za ki shigar. Wadda ta riga zuwa ita ka riga shiga. Kin gane?"

"Na gane, Malama!"

Wayyo, ku zo ku ga tafiya! A ranar ko ƙasa ba ta ishe ta takawa ba. Ta hura usur a hanya. Ta hura a zaure. Ta hura a tsakar gida har kaji suka watse.

Innarta ta ɗago daga tankaɗe ta ce, "Ke ɗiyar nan, usur anka ba ki ko sarautar gari?"

"Inna, Malama ta ce duk cikinmu ni ta zaɓa."

"To, Allah shi sa ki iya riƙon amana. Ita ta hi usur nauyi."

Yarinyar ta ce amin, amma hankalinta yana kan usur.

Ranar Juma'a da la'asar ƙawarta Surayya ta zo gidansu. Gidan su Surayya yana nan kusa da ɗakin kwami. Ta ja ta gefe.

"Ƙawata, gobe ina son shiga, amma ban iya sammako. In aje takalmina bakin ƙohwa yau, shi kama min layi?"

Yarinyar ta ce, "Malama ta ce wadda ta riga zuwa."

"To ai na riga zuwa! Takalmin ba nawa ba ne? A famfo ba jarka muke ajewa ta kama muna layi ba? Wa ya taɓa cewa laihi ne?"

Wannan kuwa gaskiya ne. A unguwarsu kowa ya san layin jarka. Ka ajiye jarkarka, ka tafi harkarka, ba mai tsallake ta. Yarinyar ta ga ai duk layi layi ne. Ta ce, "Shi ke nan, aje."

Zance ba ya kwana a bakin Surayya. Kafin magariba duk 'yan unguwar sun ji. Da gari ya waye, yarinyar ta iske takalma goma a jere a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ɗaya. Ga silifa, ga na roba, har da wani tsohon kambas mai ɓula a gaba. Sun yi layi tsaf, ba faɗa, ba turereniya. Ba mutum ko ɗaya a wurin.

Abin ya burge ta ƙwarai. Ta ce a ranta, wannan tsari ko Malama ba ta yi tunaninsa ba.

Can sai ga wata siririyar yarinya ta iso tana haki. Ƙafafunta sun yi futu-futu da ƙura. Sunanta Raliya. Makarantarsu ɗaya, ajinsu ɗaya, amma ita daga wata tunga take zuwa, wani ɗan ƙauyen masunta da ke bayan fadama.

"Sannu da aiki," in ji Raliya. "Ni na hwara zuwa, ko?"

Yarinyar ta nuna takalman da baki. "Ba ki gani? Mutum goma na gabanki."

Raliya ta duba hagu, ta duba dama. "Ina mutanen?"

"Suna zuwa. Takalmansu sun kama musu."

Raliya ba ta yi gardama ba. Ta zauna a kan wani dutse. Masu takalma suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, wata ma tana tauna ƙosai. Kowacce ta ɗauki takalminta ta shige. Raliya ta yi ta jin ƙarar ruwa da dariya daga waje, sannan ta tashi ta kama hanyar gida.

Asabar ta biyu ma haka aka yi. Malama Batulu tana ciki tana shirya riguna, ba ta san wainar da ake toyawa a ƙofa ba. Ita dai tana ganin mutum goma sun shigo lafiya lau, har tana yaba wa mai usur.

Asabar ta uku Raliya ta zo da sassafe, rana ko fitowa ba ta gama yi ba. Takalma dai suna nan sun riga ta.

Yarinyar ta ɗan ji tausayinta. Ta ce, "Ke ma mi zai hana ki aje naki ran Juma'a, in an tashi makaranta?"

Raliya ta dubi ƙafarta. "Takalmina ke nan guda. In na bar shi nan, da mi zan taka ƙayar hwadama?"

Yarinyar ta kau da kai. Sai ta hura usur da ƙarfi, ta ce a ba ta wuri. Raliya ta juya ta tafi. Yau ko zama ba ta yi ba.

A ranar ne asiri ya tonu. Takalma biyu suka yi ta zama a bakin ƙofa, masu su ba su zo ba. Ɗaya na Surayya ne. Ashe ta bi yayarta biki garin Kamba tun jiya. Riguna biyu suka wuni a rataye, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba.

Da aka tashi, Malama ta fito riƙe da rigunan. "Yau mutum takwas kinka shigar. Yaran sun ragu ne?"

"A'a, Malama. Masu layin ne ba su zo ba."

"In ba su zo ba, ƙaƙa sunka zama masu layi?"

Yarinyar ta nuna takalman biyu. Malama ta dube su, ta dube ta, ta sake duban takalman. Ba ta kai ga magana ba sai ga Baba Lauwali ya taho yana dogara sanda. Fuskarsa ba walwala.

"Malama," in ji shi, "yanzu na gamu da uban wata yarinya, Raliya, bakin kasuwa. Ya ce sau ukku ɗiyarshi na zuwa nan ana kora ta. Ya ce ba ta ƙara zuwa."

Ya zauna a kan dakali, ya yi musu bayani. Idan damina ta yi nisa, fadama takan cika ta batse. Daga tunga zuwa makaranta sai a kwalekwale, har tsawon wata uku. Uban Raliya ya rantse 'yarsa ba za ta shiga jirgi kullum ba, sai ta iya ruwa. Bara a gida ta zauna, shi ya sa aka maimaita mata aji. Bana kuma in ta sake zama, karatun ya ƙare ke nan.

"Saboda irin su munka wanke kwamin ga," in ji Baba Lauwali. "Ɗiyan cikin gari da ƙahwa suke zuwa makaranta rani da damina. Ita ko ruwa za ta hau. Yanzu Asabar biyar ta rage."

Sai ya juyo ga yarinyar. "Jikata, takalmi shina nutsewa a kogi?"

"A'a, Baba."

"To mi ya kawo shi koyon iyo?"

Da a wata rana ce, da ta yi dariya. Yau kuwa hawaye ne suka zubo. Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malama ta miƙa hannu. "Kawo usur ɗin. Ni ma da laihina, da ban leƙo waje ba. Amma ke na ba ƙohwa, kuma kin ga yarinyar da idonki har sau ukku."

Ta cire usur ta ba Malama. Ta koma gida shiru, kaji ma suka huta.

Innarta ta lura ba ta taɓa tuwon rana ba. Ta zaunar da ita, ta ji labarin tun daga farko.

"Inna, ni ban yi nuhin cutar kowa ba. Layin jarka na bi."

"Na sani. Amma a famfo, in jarka ta kai gaba mai ita bai nan, mi ake yi?"

"A tura ta gehe, na baya shi ɗiba."

"Kuma ruwan famfo in ba ki samu da sahe ba, kina samu da marece. Wanga ko?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Sai wata Asabar."

"To kin gani. Ki share hawayenki. Kuka bai koya wa kowa iyo. Gobe ni da ke za mu tunga. Zuwa da kai ya hi saƙo."

Washegari suka kama hanya. Yarinyar ta ɗauka nan da can ne. Ina! Suka wuce gonakin shinkafa. Suka ratsa busasshiyar fadama, ƙasa duk ta tsattsage. Ƙaya ta soke ta sau biyu, ga ta kuwa da takalmi. Kafin su ga bukkokin tunga, maƙogwaronta ya bushe. Wannan hanyar Raliya ta tako sau uku, ta koma sau uku, ba ta ko taɓa ruwan ba.

Suka iske uban Raliya yana ɗinkin komar kamun kifi a ƙarƙashin bishiya. Raliya da innarta suna bandar kifi. Aka gaisa, aka ba su ruwa. Sai yarinyar ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ni ce na hana Raliya shiga. Ba Malama ba ce, ba ƙungiya ba ce. Ni na bari ƙawayena sunka aje takalma. Don Allah ka yi haƙuri, ka bar ta ta dawo."

Mutumin ya ajiye zarensa. Ya dube ta.

"Ɗiyata, kin yi ta maza da kinka zo. Amma in ta tahi ta ishe takalma hwa?"

"Ba za ta ishe ba, Baba. Wurina zan ba ta. Ni na iya ruwa. Duk Asabar ɗin da ta rage nata ne."

"Ita kaɗai? Tungar nan akwai 'yan mata ukku bayan ita. Su sun ji labari, ko gwadawa ba su yi ba."

Yarinyar ta yi lissafi a ranta. Wuri ɗaya gare ta, ba huɗu ba. Raliya ce ta yi magana daga bakin murhu, a hankali.

"Baba, mu nan in jirgi ya cika, wanda anka bari bakin gaɓa ba shi ka hwara shiga in ya dawo ba?"

"Awo, haka ne."

Yarinyar ta ɗago kai da sauri. Duk hanyar komawa gida wannan maganar take juyawa a ranta. Ko ƙayar ba ta ƙara ji ba.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta, ta sami Malama Batulu. A hannunta akwai doguwar igiya da guntayen kwali. A kan kowane kwali ta rubuta sunan yarinya ɗaya.

"Malama, ba usur na zo roƙo ba. Shawara na kawo."

"Ina jin ki."

Ta ɗaura igiyar a jikin taga, ta jera kwalayen. "Goma na gaba su ka shiga. In sun hito, sunayensu su koma baya. Wadda ba ta samu yau ba, ita ka gaba mako mai zuwa. Ba sammako, ba takalmi."

"In mai suna ba ta zo ba hwa?"

"A kira ta sau biyu. In shiru, ta baya ta shiga, kada riga ta kwana busassa. In ko tana da uzuri, ta aiko tun ran Juma'a."

Malama ta gyaɗa kai. "Saura 'yan tunga. In sun bi igiya, sau biyu kaɗai za su samu kahin damina. Sau biyu bai isa."

"Shi ne na ce a ware musu riguna huɗu kowace Asabar, har ruwa shi zo. Mu mu yi juyi da shida."

"Kin san ƙawayenki ba za su ji daɗi ba?"

"Na sani, Malama. Ni zan gaya musu."

Ba su ji daɗin ba kuwa. Ranar Asabar aka tara kowa a bakin ƙofa. Da yarinyar ta gama bayani, Surayya ta turo baki.

"Wannan ai son kai ne! Don mi su kullum, mu jehi-jehi?"

Yarinyar ta dake. "Surayya, in hwadama ta cika, da mi kike zuwa makaranta?"

"Da ƙahwata mana."

"Su ko sai bisa ruwa. Ke in ba ki koya bana ba, baɗi na nan. Raliya in ba ta koya bana ba, ta bar makaranta ke nan."

Surayya ta dubi Raliya, ta dubi ƙurar da ke ƙafarta. Surayya akwai surutu, amma ba muguwa ba ce. Ta ce, "To ai ba wanda ya gaya min haka." Ta je da kanta ta ɗauko riga ta sa wa Raliya, har tana ja mata igiyar ƙugu.

Malama ta ce daga yau usur ma juyi zai riƙa yi, kowace Asabar da mai riƙe shi. Yarinyar tamu kuwa ta mai da kwalinta can ƙarshen igiya. Aikinta ya koma tsayawa a bakin kwami, tana nuna wa 'yan tunga yadda ake buga ƙafa.

Ranar farko Raliya ta sha ruwa har ta ƙoshi. Ta riƙe bakin kwami kam, ta ƙi saki.

"Saki mana! Ga hannuna," in ji yarinyar.

"In na nutse hwa?"

"Da rigar? Ko turmi anka sa wa ita sai ya yi iyo."

Raliya ta fashe da dariya, ta saki. A mako na biyu ta ratsa kwamin. A na uku ta riƙe filafili, ta juya kwalekwale hagu da dama. A na huɗu Malama ta cire mata riga a wuri marar zurfi, ta yi iyo da kanta.

Asabar ta ƙarshe ita ce ranar gwaji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da sassafe hadari ya haɗu a gabas. Uban Raliya ya rako ta da kansa. Tunda ranar mata ce, sai ya zauna a waje tare da Baba Lauwali. Ya ce shi kifi ya kawo kasuwa, hanya ce ta biyo da shi. Amma ba kifi ko ɗaya a hannunsa.

A ciki, Raliya ta zauna a kwalekwale. Malama ta kama gefensa ta kifar da shi. Ruwa ya yi tsalle. Raliya ta ɓace.

Yarinyar ta fara ƙirga a ranta. Ɗaya. Biyu. Uku. Sai ga kai ya ɓullo a gefen jirgin! Raliya ba ta yi kururuwa ba, ba ta daddage ba. Ta dafa bayan kwalekwalen kamar yadda aka koya mata. Ta tura shi da ƙafa har bakin kwami. Daga nan ta saki, ta yi iyo zuwa wancan gefen, ta dawo.

Ɗakin ya kaure da tafi da guɗa. Sauran 'yan tunga uku ma duk suka ci.

Malama ta dafa kafaɗar yarinyar. "Tahi ki gaya mishi. Ke ya kamata ki kai wanga albishir."

Ta fita a guje, zanenta duk ya jiƙe. "Baba! Baba, albishirinka! Ta iya! Jirgi ya kihe, ta hito, ta kai shi gaɓa!"

Mutumin ya miƙe tsaye. Sai ya juya baya yana gyara hularsa, ya daɗe yana gyarawa. Da ya juyo ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Baba Lauwali ya buga sandarsa a ƙasa. "Kun gani? Ɗiyan Bagudo ke nan!"

Ruwa ya sauka a ranar, ya ci gaba da sauka. Aka yi hutu, aka dawo. Fadama ta cika ta batse, hanyar tunga ta ɓace a ƙarƙashin ruwa.

Ranar da aka koma makaranta, yarinyar ta zauna a sabon ajinsu, aji shida. Idonta yana kan ƙofa. Malama Batulu ta buɗe rajista ta fara kiran suna. Ta kira, ta kira, har ta zo kan na Raliya.

"Raliya!"

Shiru.

Sai aka ji gudu a baranda. Ga Raliya a bakin ƙofa, bakin siket ɗinta a jiƙe, littattafanta a ƙulle cikin leda a kanta. Sauran ukun suna bayanta.

"Ga ni, Malama! Ni na tuƙo mu, Baba na zaune baya!"

Ajin ya ɗauki tafi. Yarinyar ta matsa, ta ba Raliya wuri a bencinta. Tun da take, ba ta taɓa jin alfahari irin na wannan safiya ba.

Malama ta jira aka yi shiru, sannan ta ce, "Yara, ku riƙe wannan. In abu ya yi kaɗan, masu so sun yi yawa, adalci ba shi ne na kusa ya kwashe ba. A yi juyi kowa ya samu, a kuma fara da wanda ya fi buƙata. Wanda aka ba amana ya yi kuskure, ya amsa laifinsa ya gyara, wannan ya cancanci yabo."

Sannan ta duƙa, ta sa wa Raliya alamar ta zo.